Ra'ayinmu: a auna girgizar ƙasa, a kare gidajen laka

A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka tsara ya shigo Nijar ta wajen Jibiya, ya ratsa gundumar Madarunfa. Aiki ne mai amfani ga manoma da fatake. Sai dai akwai batun da ya kamata mutanen Safo da maƙwabtansu su fahimta.

Ƙasar kwarin Gulbin Maraɗi yashi ce da laka mai taushi. A irin wannan ƙasa, gini mai nauyi kamar gada yakan buƙaci dogayen turaku na siminti ko ƙarfe, waɗanda ake kafawa can ƙarƙashi. Kafin a ɗora gini, injiniyoyi sukan gwada ƙarfin turke: ko a aza masa nauyi sannu a hankali, ko a sako masa ƙaton ƙarfe daga sama. Hanya ta biyu ta fi sauri da araha, amma ita ke girgiza ƙasa.

Ana auna girgiza da milimita a cikin daƙiƙa. Ƙa'idar Jamus mai suna DIN 4150 ta aje iyaka mafi tsanani a kan 5 ga gidan zama, 3 ga gini mai rauni. A ganinmu, ɗakin laka da rumbu da rijiya suna sahun masu rauni. Bayan haka, yashi in ya sha girgiza yakan lotsa, katangar da ke bisa ta tsage.

Saboda haka muna kira ga mahukunta da abu huɗu. A zagaya gidajen da ke kusa kafin a fara aiki, tare da mai gari, a rubuta halin kowane bango, a ɗauki hoto. A aje na'urar awo a gindin gida mafi kusa. Inda gidaje suka yi kusa ainun, a zaɓi gwajin da ba ya girgiza. Wanda ya yi asara kuma a biya shi diyya.

Ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, ga ranar alƙalaminku. Ku rubuta ranar da bango ya tsage da tsawon tsagar, ku kai wa magajin gari. Shaidar da ke rubuce ta fi ƙarfi a gaban hukuma.