Kalmar Oktan Da Masu Juya Mata Ma'ana

Akwai wata kalma, watau oktan, wadda Turawan Ingila da na Amurka suka ɗauko daga gidan mai suka mai da ita kirari. In sun ga mutum mai zafin nama da yawan hayaniya, sai su ce wai mai yawan oktan ne. Masu faɗin haka sun ari riga sun sa ta bai-bai.

Ga yadda abin ya ke. A cikin injin mota, fistin ya kan matse fetur da iska, sa'an nan fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta kama. Fetur maras kyau ba ya jimre matsi. Tun wutar fulogi ba ta gama bin sa ba sai ya fashe da kansa, inji ya dinga ƙwanƙwasa, in abin ya daɗe ya lalace. A 1927 wani masani Ba'amurke, Graham Edgar, ya kawo ma'aunin wannan jimiri. Ya ɗauki mai iri biyu, wanda ya fi saurin fashewa ya ba shi 0, mai jimrewa kuwa 100. To, lambar oktan awon haƙurin fetur ce, ba ta auna ƙarfinsa.

Masu gardama su kan kawo hujja da yaƙin sama na 1940, lokacin da jiragen Ingila suka sha mai lamba 100, yawancin na Jamus kuwa 87. Gaskiya ne, amma sai da aka gyara injunan don su ƙara matsi kafin man ya yi amfani. Wanda ya zuba mai tsada a motar da ba a ƙera ta dominsa ba, kuɗinsa kawai ya ƙona.

Ɓarnar ba ta tsaya ga aljihu ba. In aka saba yi wa mai garaje kirari da sunan mai jimiri, yara za su tashi suna zaton duk wanda ya fi saurin fushi shi ne jarumi. Alhali in za a bi ma'anar kalmar sosai, wanda ya cancanci sunan shi ne mutumin da a ke matsa wa ya daure, sai lokacin aiki ya yi ya tashi. Hausawa sun riga masana gane haka, da suka ce mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.

Allah ya sa masu aron kalma su riƙa tambayar ma'anarta tukuna, amin.