Hoton Mamogiram da Mace-macen Sankarar Mama: Abin da Ya Shafi Kudancin Kaduna

Duk shekara a watan Oktoba ana yekuwar yaƙi da sankarar mama, kuma kiran da aka fi ji daga Kakuri zuwa Barnawa da Sabon Tasha shi ne mata su je a ɗauki hoton mamogiram. Tambayar da ta kamata a yi ita ce, rayuka nawa hoton yake cetowa?

Babu shakka yana cetowa. Binciken da aka soma a Suwidin a 1977 ya nuna raguwar mutuwa da kusan kashi 30 cikin ɗari tsakanin matan da aka gayyata gwaji. Kwamitin masana da ya sake duba lamarin a Birtaniya a 2012 ya tsaya a kashi 20, ya kuma yi gargaɗin cewa a kan kowace mace guda da aka ceto, ana yi wa kamar uku maganin sankarar da ba za ta taɓa cutar da su ba.

To amma a waɗannan ƙasashe, da zarar an ga ƙullutu sai tiyata da magani su biyo baya. Hoto kaɗai bai taɓa warkar da kowa ba. A Nijeriya an ƙiyasta sabbin masu cutar fiye da 32,000 a 2022, waɗanda suka rasu kuwa fiye da 16,000, domin galibinsu suna isa asibiti ne bayan ciwon ya yi nisa. Matar da ta shekara tana jin ƙullutu da hannunta, tana shafa maganin gargajiya saboda tsoron a yanke mata mama, ba rashin na'ura ne matsalarta ba. Bugu da ƙari, cutar kan kama matanmu da dama kafin su kai hamsin, shekarun da hoton ba ya nuna komai sarai.

Shi ya sa shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya fifita gano cutar da wuri, da tabbatar da ita cikin kwana 60, da kammala magani. A ganina wannan ne ya dace da mu: ma'aikaciyar jinya a cibiyar lafiya ta unguwa ta iya duba mama da hannu, ta tura mai ƙullutu Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, daga nan zuwa Barau Dikko ko Shika idan hali ya kama. Magidanta ma suna da nasu aikin, domin sau da yawa izini da kuɗin mota a hannunsu suke.