Ƙasar da ke kukan rashin mutane

Yau za mu yada zango a arewacin Ostiraliya, yankin da Darwin ke babban birninsa. Faɗinsa ya ɗara na Jamhuriyar Nijar kaɗan, amma mazauna cikinsa kimanin 250,000 ne kacal.

Mahukuntan ƙasar sun daɗe suna kukan cewa arewa ba mutane. Abin mamaki, mutane sun zo, ƙofa aka rufe musu. Musulmi masu raƙuma daga Afganistan da yankin da ake kira Pakistan a yau sun yi jigilar kaya cikin hamada lokacin kafa wayar tangaraho da aka kammala a 1872. A ƙarshen shekarun 1880 kuwa, 'yan Sin masu haƙar zinariya da shimfiɗa layin dogo sun fi Turawa yawa a yankin, nesa ba kusa ba.

Sai aka kafa dokar taƙaita shige da fice a 1901. Ba ta ambaci launin fata ba, dabara aka yi. Jami'i zai karanta wa baƙo kalmomi 50 ya rubuta, cikin kowane harshen Turai da jami'in ya ga dama. Wanda ba a so, sai a zaɓo masa harshen da bai taɓa ji ba. A ganina wannan ya fi kora a fili muni, domin an lulluɓe zalunci da rigar jarrabawa. Masu raƙuma da yawa sun kasa kawo iyalansu, an kuma hana su zama 'yan ƙasa. Da motoci da jirgin ƙasa suka karɓe aikinsu, sai suka saki dabbobin a daji, inda jikokin raƙuman ke yawo har yau.

Da Japan ta yi wa Darwin ruwan bama-bamai a 1942, tsoro ya kama gwamnati. A 1945 ministan shige da fice Arthur Calwell ya yi shelar a cika ƙasa da jama'a ko a halaka, amma Turawa yake nufi. An soke jarrabawar a 1958, aka binne manufar baki ɗaya a 1973.

To, ina 'yan asalin ƙasar, waɗanda suka fi rubu'in mutanen yankin a yau? Duk lokacin da ake wannan kuka suna nan a ƙasar kakanninsu, amma tsarin mulki ya hana a lissafa su cikin adadin jama'a har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta 1967.