Tafinta a Kotu Haƙƙi Ne, Ba Alfarma Ba

Sharhinmu na yau a ɗakin kotu zai yada zango, kuma a kan mutum ɗaya zai tsaya, mutumin da ba ya sa baƙar riga, ba a kuma jin sunansa a labarai, wato tafinta.

Duk wanda ya taɓa zama a kotun majistare ko Babbar Kotu ya san yadda ake buɗe zama. Ɗan sandan kotu ya ɗaga murya, kowa ya miƙe, alƙali ya shigo ya zauna. Magatakarda ya kira lambar ƙara da sunan wanda ake tuhuma, a shigar da shi akwati. Mai gabatar da ƙara shi ke da nauyin kawo shaidu ya tabbatar da laifi, domin sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce mutum marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Lauyan da ke kare shi, in yana da lauya, ya yi wa shaidun tambayoyi don a ga ƙarfin maganarsu. Alƙali ya saurara, ya rubuta, ya auna. Tsari ne mai kyau. Sai dai da Turanci ake yin sa, kuma bawan Allahn da ke tsaye a akwati, wanda ake shari'a a kan 'yancinsa, wani lokaci ma a kan ransa, sau da yawa ba ya jin Turanci.

Doka ba ta manta da shi ba. Wannan sashe na 36 ɗin dai ya ce a sanar da mutum laifin da ake tuhumarsa da shi dalla-dalla, cikin harshen da yake fahimta. Ya kuma ce idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi, a ba shi tafinta ba tare da ya biya ko kwabo ba. Dalla-dalla, jama'a, kuma kyauta. To ina matsalar take? Matsalar ita ce an mayar da tafinta aikin kowa-ya-iya. A kotuna da dama babu ma'aikacin da aka horar aka ɗauka don wannan aiki kaɗai. Idan buƙata ta taso, sai a yafito magatakarda ko wani ma'aikacin da ke kusa, a rantsar da shi, a ce ya fassara.

Ku saurari abin da wannan sakaci ke iya haifarwa. Ana karanta takardar tuhuma, doguwa, da sassan dokar Final Kod da kwanan wata da ƙimar kaya. Mai fassara ya juyo ya ce, "An ce ka ɗauki babur ɗin wane, haka ne?" Mutumin ya ce, "E, ranka ya daɗe, na ɗauka, amma shi ya ba ni aro." Idan mai fassara ya isar da farkon maganar ya bar ƙarshenta, abin da zai shiga kundin shari'a shi ne ya amsa laifinsa. Alhali musantawa ya yi! Magana zarar bunu ce, kuma wanda aka rubuta ya amsa irin wannan laifi, babu sauran kiran shaidu, sai roƙon sassauci, sai hukunci.

Haka abin yake idan an zo sauraron shaidu. Shaida ya yi bayani mai tsawo, lauyoyi su yi ta ja-in-ja, alƙali ya yanke a kan ƙorafin da aka ɗaga, duk a dunƙule wa wanda ake tuhuma cikin jimla ɗaya, ko ma a ƙyale shi yana raba ido. Tsarin mulki ya ba shi damar yi wa shaidu tambayoyi, da kansa ko ta bakin lauyansa. Yaya zai ƙaryata maganar da bai ji ba? Yaya zai taɓa lauyansa ya ce, wannan ba haka aka yi ba, alhali bai ji ba? Sai an tashi ya tambayi gandiroba, "Me suka ce?" A ce masa an ɗage.

Tun daga ofishin 'yan sanda ma ake fara ɓata rawar. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu, Kano a 2019, ta ce idan wanda ake zargi ba ya jin Turanci, tafinta ya rubuta bayaninsa, ya karanta masa har ya fahimta, sannan tafintan ya sa hannu. Manyan kotunanmu sun sha watsi da bayanin amsa laifi da aka ɗauka ta bakin tafinta saboda ba a kira tafintan ya ba da shaida ba. Kun ga ashe sakacin nan wuƙa ce mai kaifi biyu: yana iya ɗaure marar laifi, yana kuma iya sakin mai laifi, a bar wanda aka zalunta da cizon yatsa.

Wa ke cin gajiyar wannan duhu? 'Yan kamasho na bakin kotu. Kun san su, a gindin bishiya suke wuni, da tsohon fayil a hammata. Uwa ta fito daga kotu ba ta gane ko an ba ɗanta beli ko an hana ba, sai ɗaya ya tare ta: "Hajiya, kar ki damu, na san mutanen ciki, kawo abin da za a gani." Ta sayar da akuyarta, ta ranto kuɗin adashe, alhali wataƙila abin da alƙali ya nema shi ne mai tsaya masa mai adireshi tabbatacce. Har sukan ce mata mace ba ta tsaya wa mutum beli, alhali dokar 2015 ta hana a ƙi mace don kawai ita mace ce. Waɗannan mutane ba su da jari sai rashin fahimtar talaka. Ranar da aka fara yi wa mutane bayani cikin harshensu a cikin kotu, ranar kasuwarsu za ta mutu.

Kada kuma Bahaushe ya ɗauka kukansa ne shi kaɗai. A kotunan shari'ar Musulunci, inda alƙali ke magana da Hausa, akwai Bafulatanin da Fulatanci kawai yake ji sosai, akwai Babarbare, akwai Banufe, akwai kurma da ke buƙatar mai maganar hannu. Dukansu haƙƙinsu ɗaya ne.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. Masu tsara kasafin ɓangaren shari'a su ware gurbin tafinta a kowace kotu, da albashinsa da horonsa da jarrabawarsa. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo suna yaye ɗaliban harsuna da fassara kowace shekara, ga su nan suna neman aiki. Alƙalai kuma, Allah ya ƙara muku basira, kada ku rubuta amsar mutum sai kun gamsu ya fahimci tuhumar.

Kai kuma mai sauraro, idan ƙaddara ta kai ka ko ɗan'uwanka gaban kotu, tun a zaman farko ka buɗe baki ka ce, "Ya mai shari'a, ba na jin Turanci, ina neman tafinta," ka roƙi a rubuta. Tun ran gini tun ran zane, domin Kotun Ƙoli ta yanke cewa wanda yake da lauya kuma bai yi ƙorafi a lokacin shari'a ba, da wuya a saurare shi a kan wannan batu wajen ɗaukaka ƙara. Idan ba ka da halin ɗaukar lauya, ka nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 domin marasa hali. Kada ka ji kunya, kada ka ji tsoro, kada ka gyaɗa kai ga abin da ba ka gane ba. Allah ya raba mu da yin zalunci, ya kuma raba mu da a zalunce mu.