Titi Ba Gadon Kowa Ba Ne

Wa ya ba ku izinin kulle mana hanya? Tambayar da nake so masu kafa ƙyauren ƙarfe a bakin layukan Samaru da Sabon Gari su amsa ke nan. Mutum biyar ko shida masu hali su yi karo-karo, su kira mai walda, washegari an garƙama kwaɗo. Wani lungun ma da bulo ake toshe shi gaba ɗaya, lungun da yara ke bi zuwa Islamiyya tun ba a haifi mai toshewar ba.

Ban ce babu ɓarayi ba. Ana ƙwace wa ɗalibai waya, ana fasa shaguna. To amma a Nuwambar 2020 masu garkuwa da mutane sun shiga har gidajen ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello sun ɗauke malami, wurin da ke da katanga da ƙofofi da masu gadi. Ƙyauren da yaro zai haura ne zai tare mai bindiga? Ƙaramin ɓarawo kuwa layin baya yake komawa, wajen talakan da ba shi da kuɗin walda.

Wanda ƙyauren yake tarewa shi ne mai gaskiya. Ƙarfe biyun dare, mace na naƙuda a bayan Keke Napep, ana son a kai ta Asibitin Koyarwa na Shika, mijinta na dukan ƙarfe da dutse yana kwaɗa sallama, mai makulli ya kashe waya yana barci. Sai an zagaya ta wani layin, shi ma a tarar da kwaɗo. Idan ta rasu a nan, wa zai ɗauki alhakinta? Haka motar 'yan kwana-kwana za ta tsaya tana kallon hayaƙi. Mai shayi, ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, mai sammakon zuwa kasuwar Sabon Gari, duk sun zama abin zargi a unguwarsu. Wallahi wannan zalunci ne!

Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga. Ko Legas, da ta riga mu wannan ɗabi'a, ta ba da umarnin a bar irin waɗannan ƙofofi a buɗe daga ƙarfe 5 na asuba zuwa 12 na dare.

Kuɗin ƙarfen nan a sa fitilun sola da shi, a biya 'yan sintiri haƙƙinsu a kan kari. Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, hakimai da masu unguwanni, ku bi layi-layi. Ƙyauren da babu mai gadi tsaye a kansa da makulli a hannu har gari ya waye, a cire shi. Lungun da aka toshe da bulo, a rushe.