YAWON BUƊE IDO A ƘASAR MASAR: IZINA GA MASU HANKALI

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, mun saba jin mahukunta da masana tattalin arziki suna faɗin cewa yawon buɗe ido shi ne hanya mafi sauƙi da ƙasa mai tasowa za ta samu kuɗin musaya. Duk sa'ad da aka yi wannan magana kuwa, sai a kafa hujja da ƙasar Masar. To, tun da da ita ake buga misali, ya kamata mu ɗora ta a kan ma'aunin Shari'a da na hankali, mu ga abin da ta samu da abin da ta biya.

Ba mu musun cewa akwai riba. A shekarar 2010 baƙi miliyan 14.7 suka shiga Masar, suka bar mata kimanin dalar Amurka biliyan 12.5. A 2024 adadin ya kai miliyan 15.7. Suna zuwa ne don ganin manyan gine-ginen Fir'aunoni na Giza, waɗanda suka shekara kimanin 4,500, da kushewun sarakuna a Luksor, da kuma shaƙatawa a gaɓar Bahar Maliya, a Sharm Al-Shaikh da Gardaƙa. Miliyoyin Misirawa da wannan harka suke ciyar da iyali: direba da mai jirgin ruwa a Kogin Nilu, da mai raƙumi, da mai dafa abinci. Wanda ya yi magana a kan wannan al'amari ya manta da waɗannan bayin Allah, bai yi adalci ba.

Sai dai wace irin dukiya ce wannan? Dukiya ce wadda igiyarta take hannun wani. Da aka yi juyin juya hali a 2011, baƙi suka ragu zuwa ƙasa da miliyan 10. A watan Oktoba na 2015 jirgin saman Rasha ya tarwatse a Sina'i, mutum 224 suka halaka. Rasha ta dakatar da jiragenta zuwa biranen gaɓar teku har zuwa 2021, baƙi suka koma kimanin miliyan 5.4 a 2016. Da annobar korona ta zo a 2020, ba su kai miliyan 4 ba. A kowane karo talaka ne ya fara kwana da yunwa. Manomi yana jiran damina daga Ubangijinsa, amma ƙasar da ta jingina da baƙi, jiranta shi ne sanarwar ma'aikatar harkokin wajen Ingila ko Jamus, ko za ta bar mutanenta su zo. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Ban da wannan, kaso mai yawa na kuɗin da baƙo yake kashewa tun a ƙasarsu yake biyan sa ga kamfanin da ya shirya masa tafiya da na jirgin sama. Abin da yake isa hannun mai share ɗaki da mai ɗaukar kaya ɗan ƙalilan ne.

Abu na biyu, wanda ya fi na farko girma, shi ne abin da ake sayarwa tare da ɗakin otal. Domin kada baƙo ya ƙosa, an buɗe masa mashaya da gidajen rawa da gidajen caca, a ƙasar da tsarin mulkinta ya ce Musulunci ne addinin hukuma. Abin lura a nan, dokar Masar ta hana ɗan ƙasa caca a waɗannan gidaje, sai mai fasfo na waje. Ashe ke nan hukuma ta san guba ce. To amma wa yake raba katin? Wa yake zuba giyar a kofi? Ɗan Musulmi ne, wanda talauci ya kai shi. Alhali kuwa ya inganta cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya haɗa mai sayar da giya da mai ɗaukarta da mai shayar da ita a cikin la'ana ɗaya da mai shanta.

Kada kuma mu ɗora laifin duka a kan Turawa. Daga cikin mafi munin abin da wannan harka ta haifar akwai abin da Misirawa suke kira auren bazara: attajiri daga wata ƙasar Larabawa ya zo hutu, dillali ya kai shi ƙauyukan matalauta na yankin Giza, ya biya kuɗi, a ɗaura masa yarinya na 'yan makonni, hutu ya ƙare ya sake ta ya tafi, wani lokaci da juna biyu. A 2015 Ma'aikatar Shari'a ta wajabta wa baƙon da ya girmi amaryarsa da fiye da shekara 25 ya ajiye mata fam 50,000. Masu hankali a ƙasar suka ce wannan ba hani ba ne, yanka farashi ne. Mu ma haka muka gani. Aure a Musulunci alkawari ne mai kauri da ake ƙullawa da niyyar zama. Wanda ya mayar da shi rigar haya, sallarsa da rawaninsa ba su wanke shi ba.

Abu na uku ya shafi aƙida. Allah Maɗaukaki Ya umurce mu a wurare da dama cikin Alƙur'ani da mu yi tafiya a bayan ƙasa domin mu ga yadda ƙarshen masu ƙaryatawa ya kasance, kuma a Suratu Yunus Ya ba da labarin tsirar da gangar jikin Fir'auna domin ya zama aya ga na baya. Manufar ita ce wa'aztuwa. Da Annabi (S.A.W.) ya bi ta Hijr, mazaunin Samudawa, a tafiyar Tabuka shekara ta 9 bayan Hijira, ya lulluɓe kansa ya gaggauta wucewa, ya kuma hana sahabbai shiga sai suna masu kuka. Kwatanta wannan da abin da ya faru a watan Afrilu na 2021, lokacin da aka ɗauki gawawwakin sarakuna 18 da sarauniyoyi 4 a motocin alfarma, da kiɗa da harba igwa, zuwa sabon gidan tarihi a Fusɗaɗ, garin da Amru ɗan Asi (R.A.) ya kafa. Sahabban da suka buɗe Masar sun tarar da waɗannan gine-gine. Ba su rusa su ba, ba su kuma yi musu biki ba. Wannan ita ce tsakatsakiyar hanya. Mu kuma tuna da mutanen ƙauyen Ƙurna a Luksor, waɗanda daga 2006 aka rushe gidajensu aka tashe su domin kushewun da suke ƙarƙashi. Matacce ya fi rayayye daraja, don shi ne yake kawo dala.

A nan wajibi ne mu yi gargaɗi da babbar murya. Ƙin munkari bai halatta zubar da jini ba. A ranar 17 ga Nuwamba 1997 wasu 'yan bindiga masu da'awar kishin addini suka kashe mutum 62 a Luksor, 58 daga ciki baƙi. Wannan ta'asa ce, Musulunci ya barranta daga gare ta. Duk wanda ya shigo ƙasar Musulmi da izni, malaman fiƙihu suna kiransa musta'amin, jininsa da dukiyarsa haramun ne, kuma hadisi ya yi alkawarin azaba mai tsanani ga wanda ya kashe ma'abucin alkawari. Gyara da ilmi da hikima ake yin sa, da kuma yi wa shugabanni nasiha.

Me ya shafe mu? Alaƙarmu da Masar tsohuwa ce: tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka yi wa ɗalibansu makaranta a Alƙahira, har yau kuma 'ya'yanmu suna karatu a Azhar, marasa lafiyarmu da 'yan kasuwarmu suna zuwa. Muna yi musu nasiha su riƙe abin da ya kai su. Sannan ga shi an sanya bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin UNESCO a 2016, da hawan sallar Kano a 2024, gwamnatoci kuma suna ta neman baƙi. Ba mu ce a rufe ƙofa ba. Baƙon kirki rahama ne, kuma wanda ya ga gaskiya da amana a wurinmu ya ji wa'azin da ya fi na baki. Amma muna kira da a gindaya sharaɗi tun kafin a aza tubali: babu lasisin giya ko caca da sunan baƙi, babu dillancin 'ya'ya mata, ba a tashin talaka daga gidansa, ba a kuma barin noma da masana'antu a dogara da aljihun matafiyi. Ƙa'idar malamai ce cewa tunkuɗe ɓarna shi ake gabatarwa a kan jawo amfani. Baƙo shi yake bin dokar gida, ba mai gida ne yake sauya addininsa don baƙo ba.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata.