Muzuru mai ƙafar ƙarfe: ina ya kamata likitan dabbobi ya tsaya?

A shekarar 2009, injin girbi ya datse ƙafafun baya na wani muzuru mai suna Oscar a tsibirin Jersey. Bisa al'ada, dabbar da ta gamu da irin wannan haɗari allurar mutuwa ake yi mata domin a hutar da ita. Noel Fitzpatrick, likitan tiyatar dabbobi a yankin Surrey na Ingila, bai yi hakan ba. Ya dasa ƙarfe a cikin ƙasusuwan da suka rage, ya ɗaura masa ƙafafun roba, Oscar kuma ya sake takawa.

Wanda bai san asalin likitan ba zai ɗauka ɗan birni ne mai wasa da kuɗin attajirai. A gona aka haife shi, a yankin Laois na ƙasar Ireland, a 1967, kuma da kiwon tumaki da shanu ya tashi. A littafinsa na 2018 ya ba da labarin 'yan raguna da suka mutu a hannunsa yana yaro, da karen kiwo da ya zame masa aboki sa'ad da ake cin zalinsa a makaranta. Ya kammala karatun likitancin dabbobi a Dublin a 1990. Ke nan ya san dabba a matsayin dukiya, ya kuma san ta a matsayin abokiyar zama.

Wasu za su ce wannan almubazzaranci ne, alhali ga mutane ba su da kuɗin magani. Sai dai dabarar da aka yi wa Oscar aiki da ita, masana a University College London ne suka ƙirƙiro ta bayan nazarin yadda ƙahon barewa ke huda fata ba tare da wurin ya ruɓe ba, kuma mutanen da aka yanke wa gaɓa na cikin waɗanda ake nufi da ita. Kan haka Fitzpatrick ya kafa gidauniyar Humanimal Trust a 2014, domin likitocin mutane da na dabbobi su riƙa koyo daga juna.

Sukar da ta fi nauyi daga abokan sana'arsa take fitowa: ba duk abin da ake iya yi ne ya kamata a yi ba. Mutum yakan jure raɗaɗin tiyata saboda ya san dalili, kuma shi ya amince. Dabba ba ta san dalili ba, ba a kuma nemi yardarta ba. Mai ita ne ke yanke hukunci, shi kuwa wani lokaci tsoron rabuwa ne ke ɗawainiya da shi.

A ganina, a nan ake gane likita nagari. Idan tiyata za ta mayar wa dabba tafiya, da cin abinci, da barci ba ciwo, a yi ta, ko da ta yi tsada. Idan kuwa watanni kaɗan na wahala za ta ƙara mata domin mai ita ya samu natsuwa, wajibin likita ne ya faɗi gaskiya, ko da zai rasa kuɗin aikin. Mai biyan kuɗi yana da bakin magana, marar lafiyar ba shi da shi, saboda haka likitan ne wakilinsa a ɗakin.